Araba Ba Ta Shiga Teku Ranar Talata

Araba, ƙanwar matata marigayiya Ekua, ta shekara arba'in tana bandar kifi a bakin tekun Sekondi, amma ko kwalekwale ba ta taɓa hawa ba. Maza ke shiga ruwa, mata su jira su da itace.

Da ta ajiye sana'ar sai ta zo mini da takardar talla da 'yarta ta aiko. Wani jirgin ruwa na masu yawon shaƙatawa zai ɗebi mutane a Takoradi, ya biya ta Lome, ya wuce tsibiran Sao Tome da Principe, ya dawo da su ranar Litinin ta gaba. Sau ɗaya yake zuwa a shekara. Ta ce tana so ta ga yadda ƙasa take in an hango ta daga cikin ruwa, kuma bana take so, don hayaƙi ya cinye rabin ganinta, likita bai yi mata alkawarin sauran ba. Ni ta zaɓa ɗan rakiya, wai tun rasuwar Ekua na zama ɗaya daga cikin kujerun gidana.

Wata uku na yi ina shiri. Na karanta littafi huɗu a kan tsibiran, na san tsawon duwatsunsu da tarihin gonakin kokonsu. Na sa aka yi mana allurar shawara, na zaɓar mata ɗaki mai taga, har na gyara kurakuran takardar tallar da jan biro, halin tsohon malamin makaranta. Ranar da na kai mata tikiti, tambaya ɗaya ta yi mini: ranar tashi, sha huɗu ga wata, wace rana ce?

Ban sani ba. Na duba kalandar da ke bangonta. Talata.

Ranar Talata teku ke hutawa. Ba masuncin da ke tura kwalekwale, raga ake ɗinki a inuwa. Uban su Araba masunci ne, bai taɓa karyawa ba har ya mutu. Na ce mata wannan jirgin ƙarfe ne, ya fi cocinmu girma sau goma, ba kifi za mu kama ba, kuma abin kunya ne mai waƙa a coci ta ji tsoron ranar mako.

"Tica, wa ya ce maka tsoro ne?" in ji ta. "Teku ta ciyar da ni shekara arba'in, rana ɗaya ta roƙa a mako. Zuwana gidanta na farko, sai in je ranar da ta ce kar a zo? Littafi huɗu ka karanta, ba wanda ya koya maka ladabi?"

Na koma gida na rubuta wa kamfanin wasiƙa mai shafi uku, ina roƙon su jinkirta tashi da kwana ɗaya. Wasiƙa ce mai kyau. Har yau ba su amsa ba.

Ita kuwa ta sa ni na sake karanta mata takardar, a hankali. Da na zo kan Lome ta tsayar da ni, ta tambayi ranar. Laraba. Shekara ashirin tana kai kifi kasuwar Lome, ta san hanyar da ramukanta, ta san masu tsaron iyakar Aflao da sunayen iyayensu. Washegari ta ɗaura zaninta na coci, ta je ofishin masu sayar da tikiti ta zauna tun safe. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai ƙi tashi. Kafin la'asar an yi waya an yarda ta hau a Lome.

"Kai ka hau a Takoradi da littattafanka," ta ce, "mu haɗu can."

Na ce haka zan yi, ba zan bar kujerar jirgi in bi mota ina shaƙar ƙura saboda camfi ba. Ranar Litinin ina cikin motar Aflao kusa da ita, kwandon dokunu, tuwon masarar da ake naɗewa a ganye, da kwalbar soyayyen yajin shito a kan cinyata. Ba ta yi mini gori ba, abin da Ekua ba za ta taɓa iyawa ba.

Muka hau ranar Laraba da hantsi. Da jirgin ya ja baya ta kama ƙarfen gefe da hannu biyu, ta ƙanƙance ido. Ta daɗe tana kallo. Na shirya in karanta mata abin da ba ta gani, amma ta riga ni. Ta nuna wani hayaƙi da ke tashi can bayan itatuwan kwakwa.

"Ashe haka maza ke ganinmu," ta ce. "Dubi waccan, Tica. Ɗanyen itace ta sa, kifinta zai yi ɗaci."

Ni ban ga komai ba sai da na saka tabarau.