Yis ɗin Ylva

A ɗakin bincikenmu na birnin Uppsala kowa ya san yis ɗin Ylva ba abin wasa ba ne. Shekara da shekaru tana kiwonsa. Kullum sai ta girgiza kwalba, ta bari ya kwanta, ta zuƙi wanda ya riga nutsewa ta zuba a sabon ruwan abinci. Burinta ƙwayoyin nan masu zaman ɗaiɗai su koyi manne wa juna da kansu, su zama jiki guda. Da za ta tafi hutun haihuwa, Sixten ta bar wa amana.

Sixten mutumin kirki ne, amma da an ce lokacin kofi ya yi, hankalinsa ya bar jikinsa. Ranar da aka kawo burodin kirfa, garin sauri bai sauya bakin bututun zuƙa ba. Wanda ya taɓa nasa yis ɗin, da ya gyara da hannu don ya riƙa dunƙulewa, shi ya tsoma cikin na Ylva. Sai da ya cika baki da burodi ya tuna. Ya ce ɗigo ɗaya ba zai yi komai ba, ya ja bakinsa ya tsuke.

Yis ɗin da ke cikin ɗigon kuwa ya hayayyafa ya mamaye kwalbar, Sixten ya daina barcin kirki.

Rannan Ylva ta leƙo da jaririyarta a ƙirji, ta ɗiga yis ɗinta a ƙarƙashin madubin bincike, ta ɗora ido. Ga ƙwayoyin nan dunƙule-dunƙule, sun yi rassa kamar dusar ƙanƙara a hannun riga.

"Sixten! Zo ka gani, malalacin banza! Me ka ba su, kofi?"

Ya yi wata dariya mai ban tausayi.

"Ka san saura kaɗan in bar aikin nan? Na zaci ni ce ban iya ba." Ta share ido. "Ungo, riƙe min ita, in kira Farfesa."

Ya karɓi yarinyar, ɗumi gare ta, ta damƙe masa ɗan yatsa. Kunya ta rufe shi har wuya.

"Ylva, ajiye wayar."

"Me kuma?"

"Ba naki ba ne. Nawa ne ya shiga. Ni na haɗa su, ban faɗa miki ba."

Ta ajiye wayar a hankali. Da ma ihu ta yi masa, da ya fi sauƙi. Sai kawai ta miƙo hannu biyu.

"Ba ni 'yata."