Kiwon Kong a Rumfar Kifi

Shekara talatin da ɗaya ina yanka kifi a kasuwarmu ta bakin teku a Busan, ƙasar Koriya ta Kudu, ban taɓa ajiye ko kyanwa ba. Hidimar gwiwoyina ma ta ishe ni. Sai ga Yerin, matar ɗana Gitae, ta iso rumfata wata ranar Litinin da safe, riƙe da wata jaka mai 'yar taga ta raga.

"Mama, sati biyu kawai," in ji ta. "Bututun ruwa ya fashe a gidanmu, sai an fasa daɓen duka. Masaukin da muka samu kuma ba sa karɓar dabba."

Na leƙa jakar. Wata 'yar kwikwiya ce fara, daga ido sai gashi, irin karnukan nan na ɗaki da 'yan mata ke yawo da su a jakar hannu.

"Wannan kare ne ko ɓera?" Bonghwa ce ta jefo tambayar, maƙwabciyar rumfata mai sayar da busasshen kifi, wadda bakinta ba ya hutawa.

"Sunanta Kong," in ji Yerin, wato wake. Ta miƙo mini ledar abincin karnuka da wata takarda. "Ƙwaya goma sha biyu da safe, goma sha biyu da yamma. Haka mai shagon da ya sayar mini da ita ya ce. Kada a ƙara, cikinta ƙarami ne."

Ta duba agogo, ta ruga ofis.

Na bi abin da takarda ta ce. Na sa Kong a kwali a ƙarƙashin teburi, na shimfiɗa mata tsohon tawul. Ba ta haushi, ba ta wasa, sai na ɗauka haka irinsu suke. Rana ta uku wajen tsakar rana na sunkuya ɗaukar bokiti, na gan ta kwance a gefe ɗaya tana karkarwa, ido a kafe. Bonghwa ce ta yi zafin nama, ta ɗauko zumar da take sa wa shayinta ta shafa mata a dasashi. Ko rigar aiki ban cire ba na kama hanyar asibitin dabbobi, ina ƙarnin kifi, gwiwa na ƙara.

Likitar, wata mata mai suna Pyo, ta ɗora ta a sikeli. Giram ɗari huɗu da saba'in.

"Wata uku gare ta, kamata ya yi ta kusa ninka haka," in ji ta. "Me take ci?"

Na nuna mata takardar. Ta karanta, ta yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya gaji da ganin abu ɗaya.

"Wasu masu sayarwa da gangan suke hana su ƙoshi, don su tsaya ƙanana su yi farin jini. Baba, kaɗan-kaɗan za ki riƙa ba ta, duk bayan awa uku. Ki jiƙa ƙwayoyin da ruwan ɗumi, ki haɗa da wannan na gwangwani. Ki auna ta kowace safiya. Zuma sai in ta sake faɗuwa."

"Ba tawa ba ce fa," na ce.

"Amma a hannunki take."

Daga ranar wayata ta zama mai gadina, na saita ta tana tuna mini duk bayan awa uku. Ina tsakiyar feɗe kifi za ta yi ƙara, in ajiye wuƙa, in wanke hannu sau biyu da sabulu, in durƙusa. Kong kuwa ta shinshina kwanon ta kau da kai. Sai na lakato da ɗan yatsa na kai bakinta sannan ta lasa, kamar alfarma take mini. Cokali ɗaya kan ci minti ashirin. Masu saye su gaji da tsayuwa su wuce rumfar gaba. Tashi daga durƙuson nan kuwa, sai na dafa teburi da hannu biyu.

Da sikelin kifina nake auna ta, kafin in ɗora masa komai. Ɗari huɗu da casa'in. Washegari ta ragu da biyar. Ɗari biyar da goma. Ran da ta fara ci da kanta, murna ta sa na ƙara mata cokali biyu, ta amayar da shi duka, ta wuni tana zawo. Abin da muka tara cikin kwana huɗu ya zube a wuni ɗaya. Na zauna a kan kujerata ina kallon kwalin.

"Yaya Sundok, ke da kika yaye ƙato kamar Gitae, wake ɗaya ya gagare ki?" in ji Bonghwa. Ta jiƙa busasshen kifinta har gishirin ya fita tas, ta dafa, ta kawo mini romon a kwalba. Likita ta ce in ɗiga kaɗan a abincin don ƙamshi. Ya yi aiki.

Sati biyu suka cika, Gitae ya kira. "Umma, masu gyaran nan sun ce sai an sake wani bututun. Ki ƙara mana haƙuri."

"Ka zo ka ba ta abinci sau ɗaya ka gani."

"Aiki ya yi mini yawa, Umma."

Ni kuma wasa nake yi, na ce a raina, na kashe wayar.

Sai da aka yi sati shida Yerin ta zo ɗaukarta, wata Asabar da yamma. Kong ta kai ɗari takwas da sittin, haƙarƙarinta ya rufe, tana jan igiyar takalmin duk wanda ya tsaya sayen kifi. Yerin ta ɗaga ta.

"Mama, ta girma."

"Ta ci abinci."

"Mai shagon ya ce ba za ta wuce kofin shayi ba. Ba ki bi takardar ba?"

Na so in ɗaga murya, amma ba ni da ƙarfin. Na gaya mata yadda na sami Kong ranar nan, da abin da likita ta faɗa, ban ƙara gishiri ba. Yerin ta zauna a kan akwatin ƙanƙara da tufafinta masu kyau. A nan na lura da yadda ƙasan idonta ya yi baƙi.

"Sati uku tana hannuna," ta ce a hankali. "Kullum in na dawo tana lasar kwanon da babu komai. Na ɗauka kwaɗayi ne."

"Ba ki sani ba ne."

"Bakwai na safe nake fita, sai takwas in dawo. Wa zai ba ta duk bayan awa uku?"

Ta dube ni, ni kuma na dubi Bonghwa, ita kuwa ta juya tana gyara kifin da yake a gyare.

Abin da muka tsayar ke nan: Yerin ta riƙa sauke mini Kong da safe a kan hanyarta ta ofis, ta ɗauke ta in ta tashi. Ban ce ina so ba. Na ce dai a kawo ta da abincinta a jiƙe.

Bayan wata guda Kong ta haura kilo ɗaya, likita ta ce a koma sau uku a rana. Ranar Yerin ta ɗauki hutun rabin wuni ta tafi da ita, ni kuma na rufe rumfa da wuri na hau bas. Ban san lokacin da barci ya kwashe ni ba. Direba ne ya tashe ni a tashar ƙarshe, can saman tudu, nesa da unguwarmu.

"Baba, an iso. Sauka za ki yi?"

"Yaushe za ka juya?"

"Nan da minti goma sha biyar."

"To, bar ni a nan," na ce, na sake jingina kai da tagar.