Cigiyar Baba

Ranar da Baba ya ɓata, kwatanta shi ya fi nemansa ba mu wahala.

Tun da ƙwaƙwalwarsa ta fara rauni yake ficewa in aka bar ƙofa a buɗe. Wannan karon har azahar bai dawo ba, ga shi bai sha maganin hawan jininsa ba. Aka ce in rubuta cigiyar da za a karanta a rediyo, tunda ni na ɓata shekaru a jami'a.

Na rubuta: tsoho gajere, mai giɓi, yana ɗingisa ƙafar hagu, sanye da rigar sanyi mai ƙunar dutsen guga a kafaɗa, kuma duk wanda ya gaishe shi zai sha zagi.

Yaya, babbarmu, ta karanta ta dafe ƙirji.

"Uban namu ne mai giɓi? A rediyo? Surukaina suna ji?"

"Yaya, giɓin nasa ne, ba ni na cire haƙoran ba."

"Allah ya shirye ka. Bokon nan dai bai yi rana ba."

Kawu ya karɓi biro. Gajere ya koma matsakaici. Ɗingishi ya zama tafiyar ƙasaita. Rigar ta zama shiga ta mutunci, zagin kuma barkwanci. Giɓin aka share shi gaba ɗaya, abin da likitan haƙori ya kasa. Aka karanta a rediyo cewa ana cigiyar wani dattijo kamili mai kwarjini. Wato kowane tsoho a garin, ban da namu.

Jama'a kuwa suka yi ƙoƙari. Kafin la'asar an kawo mana wani bawan Allah da aka tsinta yana jiran mota, yana ta rantsuwa bai ɓata ba. Aka kawo wani, shi kuma ya ga kujera mai laushi ya ƙi tashi.

Na saci jiki na koma gidan rediyo da takardata ta farko. Mai gabatarwa ya dube ni.

"Malam, mahaifinka ne fa?"

"Shi ya sa na san shi. Karanta."

Ina isa gida sai ga wani mai faci ya iso da Baba a bayan babur. Ashe tun safe Baba yana zaune a rumfar mutumin yana zagin masu kawo taya. Mai facin ya ji cigiyar farko, ya ce ko a mafarki bai kawo cewa wannan tsohon ake nufi ba.

Baba ma ya ji ta biyun. Yana sauka ya ɗaga sanda.

"Wane ɗan banza ne ya ce ina da giɓi?"

Duk gidan suka nuna ni. Na sha sanda a gadon baya, sannan ya yarda ya haɗiye maganin.

Yaya ta tsallake ni da kofin ruwa a hannu.

"Ka ga abin da nake faɗa maka? Magana sai an tauna ta."