Nauja Ta Ce Da Sauƙi

Mafarkin da na yi daren jiya ya ajiye ni a ƙarshen arewacin duniya, inda ƙasa ta ƙare sai ƙanƙara. An turo ni aikin jinya na wucin gadi, irin nas ɗin da ake kaiwa ƙauye ta yi 'yan makonni, a ɗauke ta a kawo wata. Ƙauyen bai kai unguwa guda ba. Babu hanyar mota, babu bishiya, babu likita. Rana ba ta faɗuwa, zagaye kawai take yi a gefen sama kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Kowa Hausa yake ji, kuma ban yi mamaki ba.

Shugaban asibitin kifi ne, irin kifin ƙanƙarar nan da ake sayarwa a kwali, da tabarau a fuskarsa. An jingine shi da kujera saboda ba ya lanƙwasuwa. Na fara faɗa masa sunana, ya dakatar da ni.

"Riƙe abinki, Sista. Ba ma ajiye sunan nas a nan, ba ku daɗewa."

Ya nuna min wayar oba-oba da ido. Ya ce duk ciwon da ya fi ƙarfina, jirgin sama zai zo ya kai mai shi babban asibiti a kudu. Sharaɗin ɗaya ne: sai mara lafiyan ya faɗa da bakinsa cewa babu sauƙi.

Na ce, "In ba ya iya magana fa?"

Ya ce, "To ai bai yi ƙorafi ba."

Sai ga ni a kan keken da ake ja a bisa ƙanƙara, jakar magani a cinyata. Karnuka ne zaune kusa da ni, wani mutum kuma yana gaba da igiya a kafaɗa yana jan mu. Sunansa Aput. Wani kare ne ya gaya min cewa matar Aput, Nauja, ta haihu da safe, haihuwar fari, kuma jini ya ƙi tsayawa.

Ɗakin na ƙanƙara ne. Nauja tana kwance a ƙarƙashin wata fata mai gashi, jaririya a gefenta. Duk ɗigon jinin da ya sauka sai ya daskare ya zama murjani, ya gangara ƙasa. Surukarta, wata tsohuwa da kowa ke kira Iya, tana tsincewa tana zubawa a tasa. Tasar ta kusa cika.

Iya ta ce, "Ba za a yi asararsa ba. Jigida za mu yi wa jaririyar."

Na yi abin da aka koya min. Na murza cikin Nauja da ƙarfi don mahaifa ta tsuke, ta ƙi. Na ɗauko allurar tsayar da jini, na tarar ta daskare kamar ƙusa. Na sa ta a baki, na sa ta a hammata, ba ta narke ba. Na rataya ledar ƙarin ruwa, sai ruwan jikin Nauja ya fara hawa yana cika ledar. Na cire da sauri. Abin da ya rage a jakata auduga ce da almakashi.

Na kira kudu. Wani mutum mai ladabi ya ɗauka, ina jin yana ɓare gyaɗa. Ya tambaye ni gajiya, da aiki, da sanyi, da mutanen gida. Na amsa duka, domin an ce in ka tsallake gaisuwa layin yankewa yake yi. Sannan na kai wayar bakin Nauja.

Mutumin ya ce, "Mai jego, barka da arziki. Ya jiki?"

Nauja ta dubi Iya. Ta ce, "Da sauƙi. Alhamdu lillahi."

"Madalla. Allah ya ƙara sauƙi. Oba."

Layin ya mutu.

Na durƙusa kusa da kunnenta. Na ce, "'Yar uwa, jininki ne a tasar can. In jirgi bai zo ba, ba za ki ga sunan yarinyar nan ba. Kalma biyu ce kawai."

Ta ce, "Haba Sista. Haihuwar fari ce fa. A gaban Iya zan buɗe baki in yi raki?"

Iya ba ta ɗago daga zaren da take zurawa ba. Ta ce, "Ni ban hana ta ba. Ta faɗa mana, yaran yanzu ai ba a hana su. Ni dai da na haifi Aput ko tari ban yi ba."

Na roƙi Iya ta ba mu wuri, ta fita ba musu. Amma bangon ɗakin ƙanƙara ce, ana ganin ciki tar. Matan ƙauyen duk sun zo barka, sun jeru a waje da kwanukansu, kunnuwa a jikin bango. Iya ta shiga layi ta tsaya.

Na sami Aput a bayan ɗaki, ya juya wa ƙofa baya.

Na ce, "Malam, shiga ka ce mata ta faɗa. Kai za ta ji."

Ya ce, "Wace ce?"

"Matarka. Mai haihuwa."

"An yi haihuwa ne?"

Kunyar ɗan fari ce. Hawaye sun daskare a kumatunsa har sun kai gemu, yana ɓalle su yana sawa a aljihu don kada a gani.

Na koma na sake kira. Muka sake gaisawa daga farko. Leɓen Nauja ya yi fari, bugun jininta a ƙarƙashin yatsana ya koma kamar zare.

"Mai jego, ya jiki?"

"Ya fi ɗazu," in ji Nauja. Da ƙyar muryar ta fita.

Kafin ya ce oba na fizge wayar, na juya baya, na ƙanƙance murya na ce, "Babu sauƙi. Wallahi babu sauƙi."

Mutumin ya daina ɓare gyaɗa.

Jirgin ya sauka a ƙofar ɗakin ba tare da ƙara ba. Matuƙin wata barewa ce mai ƙaho kamar rassan itace. Karnuka biyu cikin fararen riguna suka shigo da gadon ɗaukar marasa lafiya. Gado ɗaya jirgin yake da shi.

Barewar ta ce, "Wa ya yi magana?"

Na nuna Nauja. Matan da ke waje duk suka nuna ni, cikin tausayi.

Na ce ni ce nas. Na ce ga tasa, a duba. Na ce ƙarya na yi. Karnukan suka kwantar da ni suka ɗaure da maɗauri a ƙirji da gwiwa.

Barewar ta ce, "Duk haka kuke cewa in mun iso. Da bakinki kika faɗa, baiwar Allah. Mu da murya muke aiki."

Nauja ta yunƙura ta ɗago kai. Ta ce, "Sannu, Sista. Ashe ke ma ba ki da lafiya kike ta wahala da ni." Ta janye fatar da ta lulluɓa da ita, ta miƙa wa kare ɗaya. "Ku rufa mata, akwai sanyi a hanya. Allah ya ba ki lafiya."

Matan suka amsa da amin. Aka rufe ni da fatar. Akwai sauran ɗuminta a jiki, kaɗan.

Muka tashi. Ta taga na ga ɗakin yana ƙanƙancewa, Nauja kwance a ciki babu mayafi, Iya ta koma da wata tasar da ta fi ta farko girma. Na yi ihu, ba abin da ya fito. Sai a lokacin injin jirgin ya fara ƙara, yana kakarewa yana sake kamawa.

Na farka. Injin markaɗen maƙwabtanmu ne, an fara kawo waken ƙosai. Na daɗe a kwance ban tashi ba.