Hoton Habibullahi a Saman Shafi

"Ga shi nan ya sake shigowa!" in ji Mubarak, ya tura wa Shafa'atu wayarsa har tana neman taɓa mata hanci.

Suna zaune ne ƙarƙashin dogonyaro a bayan ajinsu a jami'ar Aliero. Ta duba. A saman jadawalin aikin rukuninsu, inda hoton duk wanda ya buɗe shafin yake fitowa, ga nata, ga na Mubarak, ga kuma na Habibullahi da hularsa a karkace. Habibullahin da mota ta buge a hanyar Jega, aka binne shi tun watan jiya. Suna kallo lambobin layi guda suka ɓace, wasu haruffa marasa kan gado suka maye gurbinsu.

Aikin a kan yadda albasa ke ruɓewa a ma'ajiyar manoma ne. Habibullahi ne ya buɗe jadawalin a intanet da sunansa, ya gayyato su ciki, don haka shi ne mai ɗaki, su baƙi. Tun bayan rasuwarsa kusan kullum sai wani ya shigo da asusunsa ya yi ɓarna, su bi baya suna gyarawa.

"Mu kwafe shi mu buɗe sabo mana," in ji Mubarak. Shi dama duk abin da zai sa ya motsa daga inuwa ba ya cikin tsarinsa.

"Sabo ba ya ɗauke da tarihin wanda ya rubuta me," ta ce. "Kuma ka ji Malam, da tarihin nan zai raba maki. Gobe zai buɗe. In ya tarar da shirme, ko ya tarar da shafin da ba sawun kowa, mun maimaita kwas ɗin."

Mafita ɗaya ce: a samo wayar mamacin, a mayar da mallakar shafin hannunta, a cire asusunsa. Mubarak ya rantse ɓarawo ne ya tsince ta a wurin hatsarin, sannan ya tuna yana da ciwon kai. Ita kaɗai ta hau mota zuwa Jega, ta sauya wata mai zuwa Maiyama, garin su Habibullahi, aka matse ta tsakanin wata tsohuwa da buhun barkono. Duk hanya tana shirya maganar da za ta faɗa, tana jin kunyar kanta. Gidan da ta je ta'aziyya kwanan nan, yau za ta koma tambayar waya.

Ta tarar da Inna Tasalla, mahaifiyarsa, a kan tabarma a ƙofar ɗaki, ta rame har wuyanta ya fito. Suka gaisa, Shafa'atu ta sake yi mata gaisuwar rashi. Ba ta kai ga tambaya ba ta hango wayar a cinyar tsohuwar, gilashinta a tsage ta gefe guda.

"Ke ta Shafa'atu ko?" in ji Inna. "Na gane ki. Ke ta mai jan gyale."

A hotonta na shafin jan gyale ne a kanta. Ashe a can Inna ta san ta.

"Direban da yak kai shi asibiti shi yak kawo man ita," Inna ta ci gaba. "Shi marigayin ya taɓa gwada man yadda aka buɗe ta. Ran da niy yi ƙarfin hali nib buɗe, sai ga wanga abu. Maƙwabcinmu yac ce man aikinku na na makaranta, wai duk wanda hotonai yah hito, yana ciki lokacin nan. To sai in zamna in yi ta kallonku. Ke kin fi kowa daɗewa. Wancan mai gemun, shiga ɗai shikai shi hita."

Shafa'atu ta yi dariya ba shiri, dariyar ta juye mata kuka.

Inna ta buɗe wayar, ta riƙe ta da hannu biyu, babban yatsanta kwance a kan gilashin. Nan take wata lamba ta goge. Ba ta ma lura ba, don boko bai taɓa haɗa hanya da ita ba. Idonta na can sama, wurin ɗan ƙaramin hoton.

"Kin gane shi? Da na buɗe sai shi hito kusa da ku. Nan ɗai ya rage inda nika ganinai zamne cikin abokanai."

Duk maganar da Shafa'atu ta shirya a mota ta watse. Ta zo ne ta kori ɓarawo, ta tarar da uwa. Tausayi ya kama ta har ta ji kamar ta tashi ta tafi, kwas ɗin ya yi abin da zai yi. Amma ba makinta kaɗai ba ne, kuma lambobin da ke gogewa Habibullahi ne ya bi ƙauyuka a kan babur, irin su Jiga Birni da Kashin Zama, ya tattaro su bakin manoma.

"Inna, ara mini ita in gyara wani abu."

Tsohuwar ta miƙa mata. "Kada dai ki taɓa man shi."

Shafa'atu ta mayar da mallakar shafin sunanta. Ta zo kan sunansa, ga wurin cirewa a gabanta. Ta daɗe tana dubansa, sannan ta zaɓi ɗaya layin, wanda ke barin mutum ya gani amma ba ya iya rubutu. Ta dawo da lambobin da suka ɓace, ta miƙa wayar. Inna ta duba da sauri, ta ga hular nan a karkace, ta sauke ajiyar zuciya.

An kawo fura, ta sha don kada a ce ta ƙi. Hankalinta ya ɗan kwanta, aiki ya tsira, Inna ma ba ta rasa komai ba. Tana ɗaura jakarta ne tsohuwar ta tambaya.

"Yaushe za ku ƙare aikin?"

"Gobe, Inna. Gobe Malam zai duba."

"To in kun ƙare fa? Kuna dai zakkuwa?"

Shafa'atu ta rataya jakar a kafaɗa. Ta san ɗalibai, ta san kanta. Shafin da aka ba wa maki ba mai sake leƙa shi, daga jibi kowa zai koma kan jarrabawa.

Inna ta karanci amsar a fuskarta. Ta shafa gilashin da gefen zanenta a hankali.

"Ashe shi ɗai za a bari ciki," ta ce.

A motar komawa Mubarak ya kira, murya fes, ciwon kai ya warke. "An cire shi?"

"An gyara," ta ce, ta kashe.

Kafin su kai Jega ta buɗe jadawalin. Ba abin da ya rage a yi a cikinsa, ko ɗigo. Hoton Habibullahi yana nan a sama, shi kaɗai, sai nata ya fito kusa da shi. Saƙo ya shigo cewa datarta ta kusa ƙarewa. Ta share saƙon, ta ɗora wayar a cinya a buɗe, ta juya fuska wajen taga don kada tsohon da ke kusa da ita ya ga idonta.