Ƙwan Zabi a Injin Kaji

Duk Gumel an yarda cewa ƙwan zabi ba ya ƙyanƙyasuwa a inji, sai kaza ta kwanta masa. Sau biyu ina asarar ƙwai sittin-sittin a injina na ƙyanƙyasar kaji, amma shekara talatin na yi ina koyar da kimiyya, ban taɓa jin ƙwai ya tambayi wanda ya ɗumama shi ba.

Na zauna na lura. Injin yana daina juya ƙwai a kwana na sha takwas, lissafin kaza ke nan. Zabi kuwa sai an juya musu har ashirin da biyar. Ga sabbin ƙwai sittin daga Ɗanzomo sun kwana sha biyu a ciki.

Na kira Barau mai gyaran rediyo, tsohon ɗalibina. Ya nuna min ƙwaƙwalwar injin, wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu.

"Malama, na'urar sauya masa umarni sai Kano."

"Barau, ita ma wani ne ya haɗa ta. Ɗora dalma."

Kwana huɗu muna fama da wayar tsohuwar firinta, har muka haɗa tamu na'urar cikin gwangwanin kifin sadin. Muka jona da kwamfutata, muka mayar da sha takwas ashirin da biyar.

Da kwanaki suka cika, 'yan zabi arba'in da bakwai suka fito. Barau ya daɗe yana kallonsu.

"To Malama, wataƙila waɗannan zabin 'yan boko ne."

Na ba shi biyu, kazarsa ta koya musu gargajiya.