Ranar da Tsere Ya Bi ta Ƙauyenmu

Shekara goma sha huɗu ina tseren keke, ban taɓa cin ko ɗaya ba. Dama ba don haka aka ɗauke ni ba. Aikina in tare wa Dries, gwanin ƙungiyarmu, iska. Idan tayarsa ta fashe in ba shi tawa, in tsaya bakin hanya kamar wanda mota ta bari. Sunansa ake bugawa a jarida, ni kuwa ko mai otal sai na maimaita masa nawa.

A shekarata ta ƙarshe tsere ya bi ta ƙauyenmu, Wulverbeke. Al'ada ce, idan hanya ta ratsa garin mutum a bar shi ya yi gaba ya gaisa da 'yan gida. Burina ke nan, Baba ya gan ni a gaba ko sau ɗaya. Shi ya ɗora ni a keke, ga shi mantuwa ta fara cin sa.

"Yau dai a bar ni," na ce wa Dries.

"Iye, tsoho zai yi gaba!" in ji shi. "Je ka, amma kar daɗi ya ɗebe ka ka zarce. Ka riƙo mana soyayyen dankali."

Aka yi dariya, aka buɗe mini hanya.

Ban san gaba haka take da shiru ba. Ba zagi, ba ƙarar sarƙar kowa, sai yayyafi da duwatsun hanya suna kaɗa mini haƙora.

Yaya Griet ta fito da Baba ƙofar gida a kujera, bargo a ƙafa, hular ƙungiyarmu a ka. Na matse birki, na cire tabarau.

"Baba, ga ni."

Ya leƙa ta gefena. "Samari, matsa mana, ka tare mini hanya. Ɗana na tafe."

"Baba, Lieven ne fa," in ji Griet.

"Ke, rufe mana baki. Lieven a gaba? Kin taɓa gani?"

Maganarsa ta soke ni, ba zan ɓoye ba. Na ja keken gefe, muka jira tare. Ayarin 'yan tseren ya wuce fuu, mutum ɗari da saba'in, Baba na ɗaga hannu yana ƙwala kiran sunana har motar rakiya ta ƙarshe ta ɓace.

Ya juyo yana haki, fuska fal murna. "Ka gan shi?"

"Na gan shi," na ce.

Na gyara masa bargon, na hau keke na bi su.